Watan Clarrie

Litinin, 12 ga Mayu, 1997

Yau likita ya gama faɗa mana. Ciwon Clarrie ya wuce huhu ya shiga ƙashi. Ya ce wata uku, wataƙila huɗu, yana magana yana kallon takalminsa. Clarrie ya ce masa, "To likita, ka ga na huta da saran itacen baɗi ke nan." Bawan Allah bai san ko ya yi dariya ba. Ni kuwa ji na yi kamar in kwaɗa wa mijin nan nawa mari.

A mota muna gangarowa Huonville, garinmu na nan kudu mai sanyi, ya sake ɗauko maganar arewa mai zafi. In kai shi gida, can gonar shanun da aka haife shi a bayan Normanton, ya ga kogi, ya ji zafi ya shiga ƙashinsa. Shekara talatin da huɗu yana mini wannan waƙar duk sanyin da ya shigo. Na ba shi amsar da na saba, irin tamu ta masu duban taurari: "Watanka a kudu yake, tsoho, kusa da Zara tawa. Nan ne wurinka." Da can dariya yake yi, ya ce, "Na ji, bokanya." Yau bai yi ba. Ya juya yana kallon gonakin tuffa har muka iso.

Alhamis, 15 ga Mayu

Tegan ta zo in duba mata taurari, yarinyar da ke tsaron kanti a gidan burodi. Na so in ɗaga mata, sai na ga gara hannuna ya sami abin yi. Ta kawo takardar haihuwarta da ta saurayinta, don kowa a garin nan ya san ba na karɓar ranar haihuwa daga baki. Baki yana mantuwa, takarda na sani.

Na zana taswirar taurarinsu, na ɗora ɗaya kan ɗaya. A da'irar taswirar babu wani abin kirki, sai ta fara ɓata rai. Na ce ta dakata, yawancin masu duba a nan suke tsayawa, ni ban gama ba. Na nuna mata karkata: kowane tauraro, ranar da aka haifi mutum, yana karkace ne ko arewa ko kudu da layin tsakiyar sama, kuma ana auna nisansa da digiri. In tauraronki da nasa suna gefe ɗaya a digiri ɗaya, shi nake kira kafaɗa da kafaɗa, zama ne mai daɗi. In digirin ɗaya ne amma ɗaya na arewa ɗaya na kudu, jan igiya ke nan: ba rabuwa, ba hutu, kowa na ja wajensa har tsufa.

Nasu jan igiya ne. Yaron yana so su koma yamma aikin haƙar ma'adinai, ita uwarta na nan. Na gaya mata gaskiya ta yi tunani sosai. Ta yi kuka a kan teburina.

Don in lallashe ta na ba ta labarinmu, wanda na ba mutum ɗari. Yadda Clarrie ya zo tsinkar tuffa na kaka ɗaya, dogo, rana ta ƙone masa wuya, yana rawar sanyi cikin riga ɗaya. Yadda na duba da'irarmu na ga wayam, na ce masa ya kama hanya. Sai daga baya na buɗe shafin karkata: Watansa digiri goma sha tara kudu, Zara tawa, tauraruwar ƙauna, digiri goma sha tara kudu. Cif. A kan wannan na aure shi.

Daga ɗaki ya ɗaga murya, da tarin da komai: "Yarinya, in kina son yaron ki bi shi! Rabu da wannan matar da rularta!"

Na ce masa ya yi mana shiru ya sha maganinsa.

Asabar, 24 ga Mayu

Raɓa ta daskare a kan ciyawa tun safe, ba ta narke ba sai azahar. Yana gaban murhu da bargo biyu, har yanzu hannunsa kamar ƙanƙara. Miyar kabewa cokali uku ya sha.

Ya sake tambaya. A hankali wannan karon, kamar mai neman alfarma, kuma hakan ya fi ba ni haushi. Na lissafo masa: mota zuwa Hobart, jirgi, wani jirgin, sannan doguwar hanyar da ba asibiti. In abu ya tashi a hanya fa? Ya ce, "In ya tashi ai ya tashi, Glenys. Ko a nan tashi zai yi."

Tunda ba mai karanta wannan sai ni: na san ilimin bai ce wanda Watansa ke kudu dole ya zauna a kudu ba. Ba littafin da ya ce haka. Da wasa na fara faɗa a shekarar farko da aurenmu, ya yi dariya, na ga maganar ta yi aiki, na riƙe ta. Gidan mahaifiyata ne wannan, lambuna ne, mutanena ne. A can ni wace ce? Matar Clarrie mai farar fata kamar madara wadda ba ta iya hawa doki ba. Kuma in na kai shi, can zai mutu a hannun danginsa ina tsaye a gefe kamar baƙuwa.

Bari sanyi ya ɗan sassauta tukuna.

Talata, 3 ga Yuni

Yaya Merle ta iso daga arewa. Yayarsa ce, ita ta goye shi. Ta haura saba'in amma muryarta har gidan maƙwabta. Tun daga ƙofa: "Haba matar ƙanina, a cikin firjin nan kika ajiye mini yaro duk shekarun nan?" Ta ƙi cire rigar sanyinta ko a tebur.

Ta kawo masa tsohuwar hular babansu, mai faɗin baki, duk gumi ya cinye ta. Ya kifa ta a fuska yana shaƙa. Na fita duba kaji, ko da yake na riga na duba su.

Laraba, 4 ga Yuni

Muna feraye dankali a kicin, Clarrie na barci. Merle ta ɗaga kai ta ga taswirarmu da na sa a gilashi na rataye a bango tun bikinmu. Ta sa tabarau ta matsa. Sai ta fashe da dariya.

"Sha biyar ga Janairu? Wa ya ce miki?"

Na ce takardarsa ce ta ce.

"Kai, takarda! Ranar Sabuwar Shekara aka haifi yaron nan, da hantsi. Ni na tafasa ruwan, ina 'yar shekara tara." Ta ce damina ce, kogi ya cika ya tumbatsa, ba mai haye shi ko a kan doki. Sai da ruwa ya ja babansu ya isa gari, mako biyu bayan haihuwar. Ya fara biyawa mashaya, kamar yadda ya saba. Da ya je wurin mai rubuta haihuwa aka tambaye shi rana, ya sosa kai ya ce a rubuta yau kawai, yaron ba zai damu ba. "Rabin yaran dajinmu haka suke. Duk wanda aka haifa da damina, ranar janyewar ruwa ce a takardarsa."

Ta ci gaba da ferayarta tana ba ni labarin wani ɗan'uwansu da aka rubuta wa wata guda a makare. Ban ji sauran ba. Na yanke yatsa, na tsaya ina kallon jinin yana ɗiga cikin ruwan dankali.

Jumma'a, 6 ga Yuni

Sau uku na lissafa. Ba sai na lissafa ba ma, na sani tun ina riƙe da wuƙar. Sauran taurari a mako biyu kaɗan suke gusawa. Wata kuwa ba ya zama, cikin mako biyu yake tashi daga wancan gefe ya koma wannan.

Ranar Sabuwar Shekara, da hantsi, Watan Clarrie yana digiri goma sha tara. Arewa.

Jan igiya. Mu ne. Abin da na sa yarinyar nan kuka a kansa, abin da na hana aure uku ko huɗu a garin nan saboda shi. Kuma wai ni ban gani ba? Mutum yana kallon arewa kowane sanyi, yana tara taswirar hanya a akwatin mota, yana sauraren rahoton ruwan saman garin da ya bari tun yana saurayi. Ni ina ja nan, shi yana ja can. Bambancin kawai ni ce kullum nake ci.

Na ciro gilashin daga bango, sai ga wurin ya yi fari, fentin da ke kewaye ya dishe. Na mayar da shi kafin wani ya gani.

Lahadi, 8 ga Yuni

Ban faɗa masa ba. Ta ina zan fara?

Laraba, 11 ga Yuni

Jiya numfashi ya ƙi, motar asibiti ta kai shi Hobart. Sun sa masa robar iska a hanci. Ya yi ƙanƙanta a gadon, wannan dogon mutum.

Da Merle ta fita neman shayi, ya ce, "Bokanya, ba ni labarin Watan nan namu." Shi da bai taɓa tambaya ba, kullum ni ke cusa masa. Na ba shi yadda na saba. Goma sha tara kudu, goma sha tara kudu, kafaɗa da kafaɗa. Maganar tana fita kamar ina tauna takarda. Ya lumshe ido yana murmushi.

Na tare likita a baranda. Na ce ina so in kai mijina arewa, a faɗa mini abin da ake bukata, ko ma'aikaciyar jinya ce zan ɗauka, ko nawa ne. Ya dube ni, wannan karon bai kalli takalmi ba. Ya ce, "Da wata ɗaya da ya wuce ne, da na ce ku gwada. Yanzu ko Melbourne, zangon farko, ba zai kai ba."

Wata ɗaya da ya wuce muna cikin mota muna gangarowa Huonville.

Na shiga bayin mata na kulle ƙofa. Wata mata ta yi ta ƙwanƙwasawa, na ce ta je wani.

Litinin, 16 ga Yuni

Na faɗa masa. Ban shirya ba, ina shafa masa mai a ƙafa ne maganar ta zubo. Na ce Merle ta ce kaza, na duba, Watansa ba a kudu yake ba, bai taɓa zama a kudu ba, abin da ke bangonmu kuskure ne tun daga tushe.

Da farko na ɗauka bai ji ba. Sai na ga kafaɗarsa na rawa. Dariya yake yi! Har sai da tari ya sarƙe shi na ɗaga shi zaune.

"Bakin Merle," in ji shi. "Shekara talatin da huɗu ina hana ta shiga kicin ɗinmu."

Na ce, ka sani?

"Wa bai san ranar haihuwarsa ba? Uwata kek biyu take yi mini."

Raina ya ɓaci, na saki ƙafarsa. Na ce to me ya sa ka bar ni ina ta ɓaɓatu a gaban mutane, ina ba da labarin ƙarya, ina ɗaure ka da shi? Ya ce, "Kin manta ranar. Na riga na ɗaure jakata, ina jiran motar Hobart. Sai ga ki a guje, ba takalmi, rula a hannu, kina ihu goma sha tara, goma sha tara. Kika ce za ki aure ni. Me kike so in ce? Dakata, akwai gyara?"

Na ce daga baya fa. Da ka faɗa, ai da mun tafi.

Ya buɗe ido ya dube ni sosai. "Da kin tafi, Glenys?"

Na sunkuya ina murza murfin kwalbar man. Bai matsa ba. Ya miƙo ƙafar ya ce in ƙarasa, ɗayar tana kishi. Can ina shafawa ya ce, "Me kike ce wa irin namu? Jan igiya ko? To ai ba ta tsinke ba."

Alhamis, 19 ga Yuni

Na kawo masa na'urar ɗumama ɗaki daga gida, ma'aikaciyar jinya ta ce ba a yarda ba. Na ce ta kira wanda zai fitar da ni. Ta bar ta.

Merle ta zauna a gefensa tana kiran sunayen wuraren kogin ɗaya bayan ɗaya, daga mashayar dawakai har inda suke kama kifi, shi yana gyara mata in ta tsallake. Sun yi gardama a kan wata bishiya, ko tana wannan gaɓar ko waccan. Ni ban san ko ɗaya ba. Matarsa, ban san ko ɗaya ba. Na zauna ina saƙa, na warware, na sake.

Kafin mu tafi ya ce in ajiye hular a inda zai gan ta.

Litinin, 23 ga Yuni

Ba ya magana sosai. Ya riƙe mini yatsa, wanda na yanke.

Asabar, 28 ga Yuni

Clarrie ya rasu ranar Alhamis da safe. Rana ta fito, abin da ba ta yi ba duk makon, ta faɗo a kan bargonsa. Ina wurin. Merle na wurin.

Jiya mai shirya jana'iza ya zo da tambayoyinsa. Ƙonewa za a yi, haka Clarrie ya so. Mutumin ya ce ranar haihuwa? Ni da Merle muka amsa tare, ni na ce sha biyar, ita ta ce ɗaya. Ya dube mu kamar mahaukata. Merle ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, na riƙe ta, da rigar sanyinta da komai. Ya ce takardun hukuma dole su bi takardar haihuwa, amma a jikin akwatin toka sai abin da muka so. Na ce ya rubuta ɗaya ga Janairu.

Gidan shiru. Itacen da ya sara bara yana nan jibge, zai kai ni har bazara. Na kasa sa ko guda a wuta.

Asabar, 5 ga Yuli

Na je gidan burodi. Tegan ta yi mini ta'aziyya, ta ƙi karɓar komai. Na tambayi yaron. Ta ce ya tafi yamma tun makon jiya, ita ta ce ba za ta bi shi ba. "Ai ke kika duba mana, Inna Glenys."

Na tsaya da burodi a hannu, mutane na jira a bayana. Na ce yana da waya a can? Ta ce akwai. Na ce to ki kira shi. Ta ce amma taswirar fa? Na ce ki kira shi dai, na fita.

Ban san ko ta kira ba.

Talata, 15 ga Yuli

Merle za ta koma jibi. Ta ce ita za ta tafi da tokar, kada in wahalar da kaina. Wai! Ita za ta ɗauki mijina a jaka kamar tsaraba? Na ce zan raka ta in dawo, mako ɗaya, maƙwabciya za ta ga kaji.

Lahadi, 27 ga Yuli

Gonar ta fi yadda yake faɗa girma, ta kuma fi datti. Ƙudaje ba sa jin kora. Nama safe, nama rana, nama dare, shayinsu baƙi ƙirin. Kowa yana kirana matar Clarrie, kuma ban ji zafin hakan ba yadda na zata.

Ranar Litinin muka kai shi kogi. Rani ne, ruwan ya ja ya bar tafkuna nan da can da farin yashi a tsakani. Wannan ne kogin da ya hana babansu hayewa, na tsallaka shi da ƙafa ban jiƙa gwiwa ba. Bishiyar tana waccan gaɓar, Clarrie ne da gaskiya, na faɗa wa Merle. A gindinta muka zuba shi. Hular na riƙe, rana ta yi mini yawa.

Jikar Merle ta ji ina duban taurari, ta zo da ranar haihuwar saurayinta a rubuce a tafin hannu, wai in duba musu. Na ce littafin lissafina yana can kan teburin kicin a Huonville. Mantuwa ce, ina ta sauri ranar.

Tikitina na komawa gida na ranar Alhamis da ta wuce ne. Ba wani abu ba ne, Merle tana bukatar hannu wajen girkin masu kiwo, kuma kaji ba za su mutu ba.

Akwai zafi. Irin wanda yake ba ni labari, mai shiga har ƙashi. Gwiwata da ke ciwo kowane sanyi ta yi shiru tun Laraba, ban faɗa wa kowa ba. Da yamma nakan sauka bakin kogin in zauna a yashi, yana da ɗumi har bayan faɗuwar rana.

Tafiyar kwana biyu ce kawai, Clarrie. Kwana biyu.